Wai dole sai mai faran-faran ce za ta iya aikin nas?

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo sai ka ji ana raba wa yara sana'a a tsakar gida kamar ana rabon gado. Wadda bakinta ba ya hutawa, wadda in aka aike ta sayen tattasai sai ta gaisa da rabin layi kafin ta dawo, ita ake nunawa a ce "ai wannan nas ce, Allah Ya yi ta da son mutane". Ita kuma wadda in baƙi sun zo za ta durƙusa ta gaishe su ta shige ɗaki, wadda ba ta zuwa biki sai an ja ta, ranar da ta ce tana son aikin jinya sai a kwashe da dariya, a ce ke da ko idon mutum ba ki iya kallo wa za ki yi jinya, je ki karanta kwamfuta. Na ji wannan magana a Agege inda na tashi, na ji ta a Idi-Araba, na ji ta a bakin mutanenmu na Mile 12, kuma ba iyaye mata kaɗai ba har da mazan. Ni da nake cikin aikin nan gaskiya ban yarda ba. Ko dai in ce akwai ɗan abin da na yarda da shi a ciki, zan zo kansa, amma hukuncin da ake yankewa da ita bai yi ba sam.

Abin da yawancin mutane suka sani game da nas shi ne ɗan lokacin da take yi a gabansu, ta karɓi kati, ta ɗaura abin awon jini a hannu, ta ce sannu, ta yi allura, a tashi. Shi ya sa ake ɗauka aikin gaba ɗaya fara'a ne. To ku shigo ɗakin kwanciya da ƙarfe biyun dare ku ga abin da ake yi. Ana lissafi ne. Bugun zuciyar babban mutum lafiyayye tsakanin 60 ne da 100 a minti ɗaya, numfashinsa 12 zuwa 20, kuma shi numfashin nan shi ne abin da aka fi yi wa ha'inci, domin babu gajeriyar hanya, sai kin tsaya a kan mutum kina kallon ƙirjinsa yana hawa da sauka har minti ya cika, ba kuma za ki gaya masa kina ƙirgawa ba don yana sani zai canja yadda yake shaƙa, sai ki riƙe tsintsiyar hannunsa ya ɗauka har yanzu bugun jini kike ji. Mai gaggawa sai ta rubuta 20 ta wuce, gado na gaba ma 20, kowa a ɗakin 20. Alhali sau da yawa numfashi ne ke fara tona asirin cewa jiki ya fara rikicewa tun kafin awon jini ya faɗi. Ga ƙirga ɗigon ƙarin ruwa, ga auna fitsarin da ya taru a leda a rubuta nawa ya shiga jiki nawa ya fita, ga juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ga magani da sai kin duba sunan mai shi da sunan maganin da yawansa da lokacinsa da ta inda za a ba shi, na yara ma da nauyin yaron ake lissafawa, sifili ɗaya ya ɓace miki kin kashe ɗan mutane. Duk wannan a rubuce, don tun a makaranta ake cusa mana cewa abin da ba ki rubuta ba ba ki yi shi ba. Ku gaya min a cikin duka waɗannan wanne ne yake buƙatar iya hira.

Sannan akwai abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman, wanda duk nas ɗin da ta yi aiki kusa da unguwanninmu a Legas ta san shi. Mara lafiyarmu ba ya faɗa. Ka tambayi dattijo ya jiki, yana riƙe da ciki gumi na tsattsafo masa, zai ce da sauƙi alhamdulillahi. Matanmu kuwa an tarbiyyantar da su a kan cewa ihu a wajen naƙuda abin kunya ne, balle haihuwar fari. A ɗakin haihuwa da ake jin muryar wasu tun daga bakin get, tamu tana kwance ta cije zani, kuma a wurin da ma'aikata suka yi ƙaranci wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara dubawa, haka abin yake ko an so ko an ƙi.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa, a wani asibiti da na taɓa aiki. Mijinta yana harkar albasa a Mile 12, bai daɗe da ɗauko ta daga gida ba, ba Yarbanci ba Turanci ba broka. Ta haihu lafiya, aka gyara ta aka mayar da ita gado, ta juya fuska bango ta lulluɓa har ka. Har ana yabonta, ana cewa matan Hausawa akwai dauriya. Muna da wata abokiyar aiki 'yar Ibo da ake yi wa tsiya saboda shirunta, sai a yi duti guda ba ka ji ta ce komai ba bayan gaisuwa da abin da ya shafi aiki, ko a ɗakin hutu in ana hira ita tana gefe da kofin shayinta. Ita ce ta zo wucewa ta ga yarinyar nan tana ta hamma, tana nuna robar ruwa da hannu alamar ƙishirwa, leɓenta ya yi fari. Ba ta ce komai ba ta kama hannunta, ta ji bugun yana gudu kuma siriri, ta ɗaga zanin, katifar ta jiƙe. Ta ɗora hannu a mararta ta ji mahaifa ta saki laɓo-laɓo maimakon ta dunƙule ta yi tauri, nan take ta fara murzawa tana ƙwala kira da wata murya da wallahi ban san tana da ita ba. Aka zo da allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, aka sa ruwa, aka kira likita, aka nemo jini. Bayan ta farfaɗo aka ce in tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba, sai ta ce min "Anti na ɗauka haka ake yi."

Zubar jini bayan haihuwa, in ya kai mililita 500 an shiga layin haɗari, kuma yawanci sakin mahaifa ne ke jawo shi, yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a duniya. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarun nan Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a duk duniya. Kuma yarinya mai ƙuruciya jikinta yana iya riƙe awon jini daidai har sai ta zubar da mai yawa sannan ya faɗi gaba ɗaya, don haka wadda ke jiran na'ura ta gaya mata ta makara. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ai sai wanda ya tsaya ya kalli fuskar. Kuma a iya abin da na gani, masu shiru-shiru ɗin nan da ake rainawa sun fi kowa iya kallo, tun suna yara abin da suke yi kenan a gefen taro.

Ba ina cewa masu fara'a ba su iya aiki ba ne fa, kar a juya min magana. Akwai nas ɗin da shigowarta ɗaki kaɗai magani ne, ta tsokani wannan ta yi wa waccan kirari, tsohuwar da ta ƙi cin abinci tun safe sai ga shi tana ci tana dariya. A ɗakin yara irinsu zinariya ne. A wajen awon ciki a nan Legas, inda ake tara mata da safe a yi addu'a a yi waƙa ana tafi kafin a fara bayanin abinci da tsafta da alamomin haɗari, in aka tsayar da mai jin nauyin baki a gaban mata sama da hamsin ranar ta shiga uku, na ga wadda takardar hannunta ke rawa. Masu cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma suna da gaskiyarsu. Inda muka rabu shi ne su suna ganin abin halitta ne, wanda ba a haife shi da shi ba shikenan, ni kuma na ga ana koyonsa kamar yadda ake koyon neman jijiya. Abin da mara lafiya ke buƙata daga bakinki bai taka kara ya karya ba: ki gaishe shi da girmansa, Baba ko Mama ko Hajiya, in Bayarbiya ce dattijuwa ki ɗan rusuna ki ce mata e pele ma, ki faɗi ko ke wace ce, ki faɗi abin da za ki yi masa kafin ki taɓa jikinsa, in zai yi zafi ki ce zai yi zafi kar ki yi ƙarya, in kin gama ki tambaya ko akwai abin da yake so ya sani ki kuma tsaya ki ji amsar. Wannan ladabi ne, kuma yarinyar da ke gaishe da baƙi ta shige ɗaki ai ta riga ta iya rabinsa. Mutum yana cikin ciwo sau da yawa ma ba hira yake so ba, so yake a yi masa abu a hankali a rufa masa jiki a bar shi ya huta.

Yanzu ga abin da na ce na yarda da shi. Akwai shirun da ba ya yi a aikin nan, shi ne shirun tsoro. In ke irin mutanen nan ce da za su ga abu yana lalacewa su kasa buɗe baki don kada a ce sun cika iyayi, to ki gyara wannan kafin ki sa farin kaya ko kuma ki nemi wani aikin. Za ki buga wa likita waya ƙarfe ukun dare, ya ɗauka cikin barci da faɗa, ya ce ki ci gaba da lura, ke kuma kin san mutumin nan ba na lura ba ne, dole ki sake bugawa, in ya ƙi ki kira na sama da shi, gobe a yi miki kallon banza a wajen zagayen duba marasa lafiya ki shanye. Za ki ga an rubuta magani da yawan da bai yi miki daidai ba, wanda ya rubuta ya girme ki ya fi ki karatu, dole ki ce ranka ya daɗe a sake dubawa. Ga 'yan dubiya, kuma a nan mutanenmu sai dai a yi mana addu'a, mutum ɗaya ke kwance amma motar haya guda za ta sauke jama'a daga Alaba Rago da fulas-fulas na kunu da tuwo, an rubuta ɓaro-ɓaro a kan gado cewa kar a ba shi komai ta baki don da safe za a shiga da shi tiyata, kina juya baya wani Alhaji sa'an babanki ya tallafo kansa yana ba shi rubutu, wai ai wannan ba abinci ba ne. Dole ki iya cewa Baba don Allah a dakata, ki yi masa bayani cewa in aka sa masa maganin barci da abu a cikinsa zai iya dawowa ya shige huhu, a ajiye rubutun in ya fito an ba da izini ya sha. Da ladabi, amma ba ja da baya.

Duk wanda yake Legas a 2014 ya san abin da tsayuwa irin wannan ta yi mana. Ranar 20 ga Yuli Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya da cutar Ebola a jikinsa, aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende, ya matsa a sallame shi, aka yi ta matsin lamba daga waje ma don ya tafi taro Kalaba, Dakta Ameyo Stella Adadevoh da ma'aikatanta suka ce ba inda za shi. Ita ta rasu ranar 19 ga Agusta, cikin waɗanda suka rasu har da nas Justina Ejelonu wadda ba ta daɗe da fara aiki a wurin ba. Mutum 20 suka kamu a ƙasar gaba ɗaya, 8 suka mutu, ranar 20 ga Oktoba aka ce Najeriya ta fita. Ku yi tunanin da an bar mutumin nan ya fita ya shiga cikin garin nan, ya bi ta Obalende da Oshodi. Abin da ya tsare ƙofar ɗakin nan iya cewa a'a ne, kuma wannan da mai surutu da mai shiru kowa na iya samunsa, kowa kuma na iya rasa shi. Na san masu baki kamar rediyo da in babban likita ya shigo sai su zama kurame.

Wanda kuwa nake roƙo da girman Allah kar ya shigo shi ne wanda mutane ke ba shi haushi. Wannan daban yake da mai shiru, kuma a gida an san bambancin ko ba a faɗa ba. Akwai yarinyar da ba ta magana amma in kaka ta yi fitsari a kwance ita ce za ta tashi ta wanke ba tare da an sa ta ba, akwai kuma wadda duk unguwa ƙawayenta ne amma in ƙaninta ya yi amai sai ta toshe hanci ta bar ɗakin tana tsaki. A wajen rabon sana'ar nan ta biyun ake ba wa aikin nas. Aikin nan jiki ne, kashi da fitsari da jini da ruwan gyambo da warin ƙafar mai ciwon suga da ta fara ruɓewa, da wanke gawa a naɗe ta kafin 'yan uwa su shigo, da mutumin da zai zage ki tas don zafin ciwo gobe kuma ki zo ki goge masa baki. Duk matar da ta haihu a asibitin gwamnati a ƙasar nan ko ta ji da kunnenta ko an ba ta labarin nas ɗin da ke cewa "ni na yi miki cikin?" ko "lokacin da kike jin daɗinki ina wurin?", har da masu kai mari a cinya. Ku lura da kyau, masu faɗin wannan ba miskilai ba ne, yawanci su ne 'yan gaban hira a ofis, wulaƙanci ne kawai ya zauna musu a zuciya. Irinsu ne suka sa matanmu da yawa suka gwammace su haihu a ɗaki a hannun wata tsohuwa, sai abu ya ɓaci a kwaso su a keke cikin dare.

Ko da yake in za a yi adalci ba duka laifin hali ba ne. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A lokacin ne hukumar ta fito da ƙa'idar sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardunsa na fita, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da nan Legas. A ƙarshen Yulin 2025 kuma ƙungiyarmu ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Ma'anar wannan a ɗakin kwanciya ita ce aikin mutum uku ya dawo kan mutum ɗaya, dutin dare awa 12 wani lokaci ba wuta sai fitilar waya, mai fara'ar ma zuwa asuba fara'ar ta ƙare. Abin da ke rage wa mutum a irin wannan lokacin shi ne tsarinsa da tsoron Allahnsa, ko zai je ya juya tsohon nan na gadon ƙarshe da ba mai ganinsa ko zai rubuta ya juya. Sannan japa ɗin, wato wannan ficewa ƙasar waje, ta kawo wasu da ba aikin suke so ba, biza suke so. Ban ga laifin wanda ya nemi inda za a biya shi ba, kowa da nauyin da ke kansa, amma a sani can Ingila ko Kanada ɗin ma tsofaffi ne za ki wanke, kuma a can in kika ɗaga wa mara lafiya murya lasin ɗinki ne a kan layi.

Masu ba da shawara suna yawan cewa ai mai shiru sai ta tafi ɗakin tiyata, marasa lafiyar duk a sume suke. Akwai gaskiya a ciki. A tiyata aikin nas shi ne ta san kowane ƙarfe da sunansa, ta miƙa kafin a tambaya, ta ƙirga audugar goge jini da allurai da kayan aiki kafin a fara da kuma kafin a rufe ciki, in ɗaya ya ɓata ba a ɗinkewa sai an gan shi, kuma nan ma ita ce za ta dubi babban likitan tiyata ta ce lissafi bai cika ba. Ɗakin kulawa ta musamman, ɗakin jariran da ba su isa haihuwa ba, sashen wankin ƙoda, ɓangaren sa barci, duk wurare ne da mai natsuwa ke haskawa, marasa lafiya kaɗan ne a hannunki amma kowanne sai kin san shi ciki da bai. Akwai karatun ƙwarewa bayan na farko, na ƙashi a Igbobi, na ƙwaƙwalwa a Yaba, na ido a Kaduna, akwai koyarwa, akwai aikin kamfanonin inshorar lafiya da yawancinsa fayil ne da kwamfuta. Sai dai kar a ruɗi yarinya, ba a fara aiki daga can. Ko ta bi kwalejin jinya ko ta bi jami'a ta yi shekara biyar da shekarar sanin makamar aiki, sai ta zaga ko'ina, ɗakin maza, ɗakin mata, imajansi, haihuwa, asibitin ƙwaƙwalwa, ƙauye, sai ta yi wa baƙon namiji wanka a gado malama na tsaye tana ba ta maki. Kuma ko a ɗakin da mara lafiya ba ya magana, uwarsa tana bakin ƙofa tana jiran ki fito ki gaya mata gaskiya. Babu lungun da babu mutane a aikin nan, sai dai wani ya fi wani yawan hayaniya.

Abin dariya ma, matar da ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya da ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, wato Florence Nightingale, mutuniyar lissafi ce. Bayan ta dawo daga yaƙin Kirimiya da ta je a 1854, da alƙaluma da zane ta nuna wa gwamnatin Ingila cewa cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kashe sojoji, kuma shekaru masu yawa na rayuwarta a ɗaki ta yi su ba lafiya, tana rubuce-rubuce, ba ta ganin mutane sai ɗaya-ɗaya da izini. A makarantar da ta kafa a asibitin St Thomas na Landan a 1860 ne 'yar Legas ɗin nan Kofoworola Abeni Pratt ta yi karatu, wadda mahaifinta ya hana ta aikin jinya da farko sai koyarwa ta fara, daga baya ta zama babbar jami'ar jinya ta Najeriya ta kuma riƙe kwamishinar lafiya ta jihar Legas a shekarun 1970. Mu kuma muna da Rufaida al-Aslamiyya a Madina, wadda da aka harbi Sa'ad bin Mu'az da kibiya a yaƙin Khandaƙ Manzon Allah (SAW) ya ce a sa shi a tantinta don ya riƙa duba shi daga kusa. Na kawo ta ne saboda iyayen da har yanzu ke ganin aikin bai dace da 'yar musulmi ba, wannan kuma wata doguwar magana ce ta daban. Haka masu ganin aikin mata ne kawai, alhali dattijonmu da za a sa wa robar fitsari zai yi sadaka in ya ga namiji ɗan uwansa mai jin Hausa ne ya zo.

Abu ɗaya da ba a gaya wa masu shiru, kuma ya kamata su ji tun wuri, shi ne gajiyar. Mai son jama'a in ta tashi daga aiki hira ce hutunta, ke kuwa mutane sun riga sun tsotse ki tun kafin a miƙa duti, kuma garin nan ba ya ba mutum wurin da zai ji shiru. Kin fito sai danfo, kwandasta na ihu a kunnenki, wani na wa'azi wani na tallan maganin basir, gosulo daga Ikeja zuwa Agege da ba abin da zai hana a yi shi da ƙafa, kin isa gida gidan haya ne mai ɗakuna a jere kowa na jin tarin kowa, kuma tunda an san ke nas ce maƙwabciya tana jiranki da yaro mai zazzaɓi, wani ya turo hoton takardar gwaji ta WhatsApp, wata tana so ki zo ki sa mata ruwa a ɗaki. In ba ki koyi rufe ƙofa ki kashe waya na awa biyu ba tare da jin kin yi laifi ba, shekara kaɗan za ki fara jin haushin marasa lafiya, ki zama irin waɗanda na gama zagi a sama. Mutanen gida ma sai sun taimaka, in ta dawo daga dutin dare ta shige ɗaki a bar ta, ba girman kai ba ne.

Da za a tambaye ni yadda za a gane, ba sai an yi gardama a tsakar gida ba. Duk gidan Bahaushe a Legas ba a rasa wanda aka kwantar. A tura yarinyar ko yaron zaman jinya, ba dubiyar la'asar da lemo a leda ba, kwana, ta ɗauki fo ta zubar ta wanke, ta je layin biyan kuɗi da na karɓar magani, ta ga yadda ake sauya zanin gado da mutum a kai, ta ji kukan da ake yi in an ja labule. In ta dawo a tambaye ta me ta gani. Wata za ta ce wari, wata za ta ce nas ɗin nan ba ta da kirki, wata kuma za ta ce Mama mutumin gadon kusa da taga tun dare numfashinsa ya canja kuma ba wanda ya duba shi.

In an yanke shawarar za ta yi, a tabbata tana da kiredit biyar, Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a nan ne ma yaranmu da yawa ke faɗuwa saboda makarantun da suka yi ba malaman kimiyya. Sannan a bincika makarantar tana cikin waɗanda hukumar jinya ta amince da su, akwai ta LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a nan Idi-Araba, akwai kwalejin jihar Legas a Igando, ga jami'o'i, ga na gida Arewa in an fi son ta koma can. Abin da nake jan kunne a kai shi ne ƙananan asibitocin kuɗi na cikin unguwa da ke karɓar kuɗin iyaye su ce za su koya wa yarinya aikin nas a shekara biyu, a ɗinka mata farin kaya a yi mata bikin yaye har da hoto. Oksilari ake ce musu, ba su da lasin, hukuma ba ta san da su ba, ba asibitin gwamnatin da zai ɗauke su a matsayin nas, kuma ranar da allura ta yi gardama mai asibitin cewa zai yi bai san ta ba. Iyayen yara masu kunya sun fi faɗawa wannan tarkon, wai don yarinya ta zauna kusa da gida kar ta je makarantar kwana ta sha wahalar mutane.